Turbobin Tsibiran Wuta: Wa Ya Shata, Wa Ke Cin Moriya?



Sharhinmu na yau zai tsallaka da mu teku zuwa wasu tsibirai da wuta ta haifa a yankunan duniya masu zafi. A kowace shekara dubban mutane daga Turai da Amurka da Asiya sukan tara kuɗi, su yanki tikitin jirgi, su sayi takalmi mai tsada da jakar goyo da sandar dogarawa, don kawai su je waɗannan tsibirai su yi ta tafiya a ƙasa, su hau dutse su gangara har ƙafa ta yi bororo. A wajenmu, inda rashin abin hawa ne ke sa mutum doguwar tafiyar ƙasa, wani zai ce wannan neman wahala ne da kuɗi. Wanda ya ga hotunan wuraren dai mamakinsa zai ragu. Abin da nake so mu duba tare shi ne tambayar da takardun tallar yawon buɗe ido ba su cika amsawa ba: waɗannan turbobi da ake tururuwar bi, wa ya fara shata su, me ya kai shi can, kuma yau wa ke cin moriyarsu?

Da farko, yadda tsibiran suka samu. A wasu wurare a ƙarƙashin teku narkakken dutse yakan ɓulɓulo daga cikin ƙasa ya daskare, wani kan wani, shekaru dubbai bisa dubbai, har tulin ya huda saman ruwa ya zama tsibiri. Daga nan ruwan sama ke karɓar aiki. Iskar teku mai danshi takan bugi dutsen, ta hau sama, ta huce, ta zubar da ruwanta a gefe guda, ɗaya gefen ya zauna a bushe. Ruwan ya yi ta zaizayar dutse yana haƙa kwazazzabai masu zurfi, tokar kuma ta ruɓe ta zama ƙasar noma mai albarka. Shi ya sa a irin wannan tsibiri mutum kan tashi da safe cikin rake da ayaba a bakin teku, da azahar yana cikin kurmi mai hazo, kafin magariba yana tsaye a kan baƙin dutse tsirara yana rawar ɗari. Wannan sauyi a yini guda shi ne babban abin da ke jan matafiya.

Zangonmu na farko shi ne Reunion, a Tekun Indiya, kimanin kilomita 700 gabas da Madagaska, tsibirin da har yau yanki ne na ƙasar Faransa. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 2,500 da ɗoriya ba, amma a tsakiyarsa akwai dutsen Piton des Neiges mai tsayin mita 3,070, wanda ya daɗe da daina aman wuta. A kudu maso gabas kuma ga Piton de la Fournaise mai mita 2,632, ɗaya daga cikin duwatsun da suka fi yawan aman wuta a duniya. Ruwan saman tsibirin abin a faɗa ne. A watan Janairun 1966, a wani wuri da ake kira Foc-Foc, an auna milimita 1,825 cikin awa 24, wato wajen ninki biyu na abin da Kano ke samu a shekara guda. Irin wannan ruwa, haɗe da ruftawar dutse, shi ya haƙa manyan kwaruruka uku a kewayen Piton des Neiges: Salazie da Cilaos da Mafate.

Mafate ya fi ɗaukar hankali. Wanda ya tsaya a kan tudun Maido, sama da mita 2,000 daga fuskar teku, ya leƙa ƙasa, zai ga kwarin kamar wani ƙaton akushi da aka girke a tsakiyar tsibiri, bangonsa ya miƙe wajen mita dubu. Sai an yi sammako, domin kafin hantsi ya ɗaga gajimare kan cika kwarin ya rufe komai. A can ƙasa ana hango ƴan rufin kwano warwatse a kan tuddai. Waɗannan ƙauyuka ne, irin su La Nouvelle da Marla da Roche Plate da Aurere, kuma mutane ɗarurruwa ne ke zaune a cikinsu. Har gobe babu hanyar mota da ta shiga Mafate. Duk mai zuwa, ko da ƙafa ko da jirgi mai saukar ungulu.

Mai gangarawa daga Maido zuwa Roche Plate zai yi sa'o'i yana bin wata siririyar turba da aka sassaƙa a jikin bango, tana karkata dama tana komawa hagu, an tokare matakalanta da guntayen itace da duwatsu. Gwiwa takan fara karkarwa tun ba a kai rabi ba. Idan ya isa, zai tarar da gidajen katako da kwano masu fenti kala-kala, faifan hasken rana a kan rufi, ɗan kanti, ƙaramar makarantar firamare. Can sai ya ji rugugin jirgi, ya ɗaga kai ya ga raga tana reto a ƙarƙashinsa, cike da buhunan shinkafa da tukwanen gas da siminti. Jirgin zai sauke, ya kwashi shara ya tashi. Da dare, a masaukin da wani iyali ya buɗe, baƙi kan zauna a dogon tebur guda, a kawo shinkafa da wake da miyar kaza da aka dafa da itace, ga yaji mai ratsa kai a gefe. Musulmi sai ya yi magana tun da wuri, domin naman alade na cikin abincin da aka saba da shi a can.

To me ya kai ɗan Adam wannan lungu tun farko? Reunion ba kowa a kansa har zuwa ƙarni na 17, lokacin da Faransawa suka zauna, suka riƙa kawo bayi daga Madagaska da gaɓar gabashin Afirka da Indiya, ana noma kofi, daga baya rake. Bawan da azaba ta ishe shi ba shi da inda zai nufa, teku ta kewaye shi ta ko'ina, sai sama. Waɗanda suka tsere su ne suka fara ratsa waɗannan bangaye, kuma da gangan suke zaɓen inda ya fi wuyar hawa don kada a cim musu. Sunayensu na nan a kan taswira: Mafate, Cimendef, Dimitile, Anchaing, duk ana danganta su da jagororin bayin da suka gudu. Masu gonaki sukan tura mafarauta a bayansu, wanda ya fi shahara shi ne Francois Mussard a tsakiyar ƙarni na 18, kuma mafarauci kan dawo da yankakken hannun wanda ya kashe don ya karɓi lada. Sai ranar 20 ga Disamban 1848 aka soke bauta a tsibirin, aka ƴanta mutum wajen 60,000. Bayan haka ƴantattun bayi da talakawan Turawa da suka rasa gona a bakin teku suka ƙara haurawa cikin kwarurukan.

Turbobin sun ci gaba da zama hanyar neman abinci. Kafin a buɗe titin mota zuwa Cilaos a 1932, masu hali da ke zuwa wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta garin a kan kujera ake ɗaukar su, ƙarti na saɓe da su a kafaɗa suna bin gefen rami. A Mafate kuwa, wani mai raba wasiƙu, Ivrin Pause, ya shekara 40, daga 1951 zuwa 1991, yana zagaya ƙauyukan da ƙafa da jakarsa, har daga baya aka kafa masa mutum-mutumi a cikin kwarin. Yau a kan waɗannan sawaye aka ɗora turbar da ake kira GR R2, mai tsawon kilomita 130 ko fiye, wadda ta ratsa tsibirin daga arewa zuwa kudu, masu bin ta a hankali sukan yi kusan mako biyu. Tun 1989 kuma ake wani tsere a watan Oktoba da ake kira Grand Raid, fiye da kilomita 160, hawan da ke cikinsa idan aka tara ya kai wajen mita 10,000, gwanaye kan gama cikin kwana guda. Har ana yi masa laƙabi da tseren mahaukata. A 2007 aka mayar da tsakiyar tsibirin gandun da gwamnati ke karewa, a 2010 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

Kafin mu bar Reunion, mu leƙa dutsen da ke raye. Mai zuwa Piton de la Fournaise zai ratsa wani fili na jan yashi da baƙin tsakuwa, ba itace ko ɗaya, har ya isa bakin wani babban kwarmi a wurin da ake kira Pas de Bellecombe. A nan akwai ƙofa. Idan a buɗe take, sai ya sauka matakala ya hau kan daskararren dutse, yana bin ɗigon farin fenti da aka yi ta yi a jere. Fentin nan shi ne ransa, domin hazo na iya saukowa cikin ƴan mintoci, gabas da yamma su rikice masa. Ƙarshen tafiyar shi ne bakin ramin Dolomieu, wanda gindinsa ya rufta fiye da mita 300 a watan Afrilun 2007. Ita ƙofar ba da ka ake buɗe ta ba. Bayan narkakken dutse ya shiga garin Piton Sainte-Rose a 1977, an kafa cibiyar masana da ke sauraren motsin dutsen dare da rana. Da na'urorinsu sun nuna alama, hukuma za ta rufe ƙofa, kuma kuɗin tikitin baƙo ba ya buɗe ta. Ku riƙe wannan, za mu ga inda aka yi akasinsa.

Yanzu mu dawo kusa da gida, Tekun Atlantika, ƙasar Cape Verde, tsibirai goma da ke kimanin kilomita 570 yamma da Senegal, kuma mamba ce a ƙungiyar ECOWAS. Nan ba kurmi ba ne. Tsibirin Santo Antao yana kan layi ɗaya da Agadez, ƙurar hunturunmu takan tsallaka teku ta rufe wa mutanensa sama, kuma sun san fari kamar yadda muka san shi. Yunwar shekarun 1940 ta kashe dubun dubatarsu. Ana shiga Santo Antao ne ta jirgin ruwa daga birnin Mindelo, tafiyar kamar awa guda. Gefen da jirgi ke tsayawa ƙeƙasasshe ne, sai mota ta haura ta kai mutum bakin Cova, tsohon ramin aman wuta da yanzu ake noma masara da wake a cikinsa. Daga nan idan ya haura ɗan tudu ya leƙa ɗaya ɓangaren, sai ga kwarin Paul shar da shi har bakin teku: rake, ayaba, kofi, gwanda, mangwaro, rogo, a kan gonaki hawa-hawa da aka tokare da katangar dutse, ruwa na bin ƴan magudanai daga gona zuwa gona.

Turbar da ke gangarawa cikin Paul daɓe take da duwatsu, kowanne an ɗauko shi da hannu an dasa shi kusa da ɗan'uwansa, ga ƴar katanga ta gefen rami. Haka ma turbar bakin teku daga Ponta do Sol zuwa Cruzinha, kimanin kilomita 15, wadda ke manne a jikin dutse, igiyar ruwa na dukan gindinsa, ta bi ta ƙauyen Fontainhas da gidajensa ke jere a kan wani siririn tudu. Ba domin mai kyamara aka yi wannan aiki ba. An yi shi ne don jaki ya wuce da kaya, mace ta kai amfanin gona kasuwa a ka, yaro ya je makaranta. Har yanzu baƙo da sandunansa biyu kan rakuɓe gefe yana haki, wata dattijuwa da daurin kaya a kai ta gaishe shi ta wuce.

A tsibirin Fogo, can kudancin ƙasar, dutsen Pico do Fogo ya kai mita 2,829, kuma a gindinsa, cikin wani makeken kwarmi da ake kira Cha das Caldeiras, mutane suke zaune. Dubi yadda suke noma. Ƙasar baƙar tsakuwa ce da toka, ba rafi, ba rijiya. Manomi zai haƙa rami ya dasa kurangar inabi ko rumman ko tuffa a ciki, ramin ya kare shukar daga iska, tsakuwar kuma ta riƙe ɗan danshin da aka samu. Daga nesa sai ka ga koren ɗigo-ɗigo a kan baƙin fili. Dutsen ya yi amai a 1951, ya sake a 1995. Ranar 23 ga Nuwamban 2014 ya sake buɗe baki, bai tsaya ba sai watan Fabrairun 2015, narkakken dutse ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira. Ba a rasa rai ba, domin wutar a hankali take tafiya, mutane suka kwashe abin da za su iya. Hukuma ta so su zauna a waje, amma da yawansu suka koma suka sake gini a kan dutsen da ya cinye gidajensu, tun bai gama hucewa ba.

Mai kallo daga nesa zai ce taurin kai ne. Su kuwa lissafi suka yi. A nan gonarsu take, a nan kuma baƙi ke kwana kafin su hau Pico da asuba. Hawan ya ɗara mita 1,000, yakan ci awa uku zuwa huɗu, saukowar kuwa a guje ake yin ta cikin lallausar toka da ƙafa ke nutsewa har ƙauri. Masu yi wa baƙi jagora ƴaƴan ƙauyen ne, masu masauki da masu dafa abinci su ma haka. Kuɗin baƙo a hannun mai gida yake faɗawa, shi ya sa mai gida ya ga ya dace ya dawo.

Daga can mu gangaro Mashigin Gini. Akwai wani jerin duwatsun wuta mai tsawon kilomita wajen 1,600 da masana ke kira layin Kamaru. Ya taso daga cikin teku, ya ba da tsibiran Annobon da Sao Tome da Principe da Bioko, inda dutsen Basile ya kai mita 3,011, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, ya miƙa har tsaunukan Mandara da tudun Biu a Jihar Borno. Ke nan waɗannan tsibirai dangin duwatsunmu ne. A Sao Tome, mai son tafiya kan tashi daga lambun Bom Sucesso ya shiga gandun Obo, wanda aka kafa a 2006, ya isa Lagoa Amelia, tsohon ramin wuta da ciyawa ta rufe ruwansa, idan aka taka sai ƙasa ta yi lilo. Mai ƙarfin gwiwa ya wuce zuwa ƙololuwar Pico de Sao Tome mai mita 2,024, galibi da kwana a hanya, cikin laka da saiwoyi. A kudu kuma ga Pico Cao Grande, wani siririn dutse da ya soke sama fiye da mita 300 daga cikin kurmi.

Nan ma tarihin ɗaya ne. A farkon ƙarni na 20 Sao Tome na sahun gaba a duniya wajen fitar da koko, kuma waɗanda suka yi aikin leburori ne da Turawan Fotugal suka kwaso daga Angola da Mozambik da Cape Verde, da sunan kwangila, a yanayin da bai da maraba da bauta. Abin ya yi muni har kamfanin Cadbury na Ingila da wasu takwarorinsa suka daina sayen kokon tsibirin a 1909. Da dama daga turbobin da ake bi yau hanyoyin waɗannan gonaki ne, mai tafiya yana cin karo da rusassun gine-gine da tsofaffin magudanan ruwa da kurmi ya haɗiye. Wanda ya san Sukur a Jihar Adamawa, da gonakinta hawa-hawa da hanyoyinta daɓaɓɓu da dutse waɗanda UNESCO ta karrama a 1999, ya san cewa mutanen dutse a ko'ina da guminsu suke shimfiɗa hanya.

Amma ba ko'ina ne rabon ke tafiya daidai ba. A Indonisiya, tsibirin Lombok, wanda yawancin mutanensa Musulmi ne, yana da dutsen Rinjani mai mita 3,726, da wani tafki a cikin bakinsa da ake kira Segara Anak. Baƙi kan tashi daga ƙauyen Sembalun ko Senaru su yi kwana biyu ko uku. Dubi ɗan dakon da ke gabansu. Gora ce a kafaɗarsa, kwando a kowane ɓangare, a ciki akwai tanti da katifa da tukunya da shinkafa da ƙwai da abarba da ruwan sha, nauyin kan haura kilo 20. A ƙafarsa silifas ne, wani lokaci ma ya cire ya riƙe a hannu. Shi zai riga kowa isa zango, ya kafa tanti, ya dafa abinci, ya miƙa wa baƙo shayi mai zafi. Baƙon kuwa sau da yawa ta intanet ya biya wani kamfani, kuma kafin kuɗin su gangaro ta hannun dillalai su iso ga mai gorar nan, sun sha yanka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga kuma sharar leda da gwangwani da yawan jama'a ke bari a zango, wadda a ƙarshe mutanen ƙauyen ne ke hawa su kwashe.

Sai batun rai. Ranar 29 ga Yulin 2018 girgizar ƙasa ta afka wa Lombok, ƙasa ta zabtare ta toshe turbobin Rinjani, ɗaruruwan matafiya suka maƙale a sama sai da aka bi su aka sauko da su. Wannan ƙaddara ce da ba ta yi sallama ba. Na dutsen Marapi a tsibirin Sumatra kuwa da sauran magana. Tun 2011 masana suka yi gargaɗin kada a kusanci bakin dutsen da ƙasa da kilomita 3, amma aka ci gaba da hawa. Ranar 3 ga Disamban 2023 ya fashe, akwai mutum 75 a kansa, fiye da 20 suka rasu, yawancinsu matasa. Ku kwatanta da ƙofar nan ta Reunion. Ilimin akwai shi a wuraren biyu. Bambancin shi ne a wuri guda maganar masani tana da kwaɗo da makulli.

Kada wani ya fahimce ni da cewa zuwan baƙi sharri ne. Ba don su ba, da wasu ƙauyukan Mafate da Santo Antao sun ƙara zama kufai, matasa sun tafi birni ko ƙetare, katangun gonaki sun zube, daji ya cinye turba. Kuɗin kwana da na abinci da na jagora su ke riƙe iyalai da yawa a wurin haihuwarsu. Sai dai akwai wani abu da ya kamata mai sha'awa ya tuna. Rashin titin da ke burge shi a Mafate, shi ne ke sa kayan masarufi tsada, shi ke sa yaro barin gida da zarar ya gama firamare, shi ke sa mai naƙuda ko mai karaya jiran jirgi, jirgin kuma sai sama ta washe. Baƙo mako guda zai yi ya tafi. Don haka idan ana shawarar a yi titi ko kada a yi, a rufe turba ko a buɗe, a ƙayyade yawan masu hawa ko a bari, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma muryarsa ce ya kamata ta fi ƙarfi a zauren.

Hukumomin waɗannan tsibirai na da aiki a gabansu: su ƙayyade nauyin da za a ɗora wa ɗan dako da mafi ƙarancin ladansa, su tabbatar wani kaso na kuɗin shiga gandu ya koma ƙauyukan da ke gindin dutse, su ba masana ikon rufe hanya ba tare da jiran yardar masu otal ba. Ya kuma dace allunan da ake kafawa a bakin turba, waɗanda ke faɗin sunan tsuntsu da tsawon dutse, su riƙa faɗin waɗanda suka fara bin wurin da abin da ya koro su.

Shi kuma mai niyyar zuwa, ko daga Kano ko daga Paris, abin da ke kansa ba shi da yawa. Ya binciki lokacin damina da na guguwa, domin Rinjani ma rufe shi ake yi a farkon shekara saboda ruwa. Ya tashi da asuba, ya ɗauki ruwan sha da rigar sanyi ko da bakin teku na ƙuna. Ya ɗauki jagora ɗan wurin, ya tambayi kamfani ƙarara nawa ne ke isa hannun ɗan dako, ya kwana a gidan mutanen ƙauye, ya sayi kofinsu da ƴaƴan itacensu, ya sauko da shararsa. In jagora ya dubi sama ya ce a juya, a juya, ko da ƙololuwa na gaban ido. Dutsen yana nan, wata shekarar ma ana iya dawowa.